Gano Mashaƙar Aiki a Uwar Garken Bincike da Hanyoyin Buɗe Ta: Nazari Daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran sassan Jihar Katsina, al'amura da yawa na rayuwar talaka sun koma hannun kwamfuta. Mai neman lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da ɗalibin da zai yi rajistar jarrabawar JAMB, da mai jefa ƙuri'a, duk sai an nemo sunan kowannensu cikin wani babban kundi kafin a sallame shi. Na'urar da take riƙe da irin wannan kundi, tana amsa wa ƙananan kwamfutoci da wayoyi daga nesa, ita ake kira uwar garke, ma'aikata kuwa suna ce mata saba. Idan babban aikinta shi ne karɓar tambaya da lalubo amsa daga cikin miliyoyin bayanai, sai mu kira ta uwar garken bincike.

Idan wannan na'ura ta yi nauyi, abin da ma'aikaci yakan faɗa wa jama'a shi ne babu netwok, a dawo gobe. Ga mutumin birni wannan ɓata lokaci ne kawai. Amma ga wanda ya taso daga ƙauye a ƙasar Sabuwa ko ta Faskari, ya biya kuɗin babur, ya bar gonarsa, ya bi hanyar da 'yan bindiga suka addaba, kowace komawa kasada ce da rai. Saboda haka saurin uwar garke ya wuce zancen ƙwalisar injiniyoyi. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda na'urar take aiki, da yadda ake gano ainihin inda aikinta yake shaƙewa, da kuma hanyoyin ƙara yawan mutanen da take sallama.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Akwai kalmomi uku da za su riƙa fitowa. Ta farko ita ce tsawon jira, watau lokacin da yake wucewa daga aika tambaya zuwa dawowar amsa. Akan auna shi da milisakan, kuma milisakan 1,000 ne sakan guda. Ta biyu ita ce yawan sallama, watau adadin tambayoyin da na'ura take gamawa da su a kowane sakan. Ta uku ita ce mashaƙa, watau matakin da ya fi kowane ƙunci a cikin jerin matakan aiki.

Duk wanda ya taɓa ganin mai sayar da man gyaɗa yana ɗura kwalba da mazurari ya san mashaƙa. Kome faɗin bakin mazurari, kome girman tulun da ake kwararowa daga ciki, man da zai shiga kwalba ba zai wuce abin da wuyan mazurarin ya bari ba. Wanda ya faɗaɗa baki ya bar wuya bai ƙara kome ba. Haka al'amarin yake ga kwamfuta: yawan sallamar tsari gaba ɗaya daidai yake da yawan sallamar matakinsa mafi ƙunci.

3.0 Yadda Uwar Garken Bincike Take Aiki

Na'urar ba ta bin kundi shafi bayan shafi duk lokacin da aka tambaye ta. Tun da farko akan gina mata fihirisa, inda ake jera kowace kalma, a gabanta kuma a rubuta lambobin duk bayanan da kalmar ta fito a ciki. Idan aka nemi Hadiza daga Faskari, sai ta ɗauko jerin lambobin da suke gaban Hadiza, da jerin da yake gaban Faskari, ta tsamo lambobin da suka bayyana a duka biyun. A kan wannan dabara aka gina Lucene, wadda Doug Cutting ya rubuta a 1999, kuma a kanta aka ɗora Solr a 2004 da Elasticsearch a 2010.

Tambaya guda takan bi matakai biyar. Takan tashi daga wayar ma'aikaci ta bi hanyar sadarwa, ta tsaya a layi a ƙofar uwar garke, a karanto mata sashen fihirisa daga ma'ajiya, injin lissafi ya tace ya jera amsoshi, sa'an nan amsa ta koma ta hanyar da tambaya ta zo. Ma'ajiya kuwa iri-iri ce. Karanto abu daga ma'ajiyar cikin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira ram, yakan ɗauki kimanin kashi 1 cikin 10,000 na milisakan. Daga faifan zamani maras juyawa kimanin kashi 1 cikin 10 na milisakan ne, daga tsohon faifai mai juyawa kuwa kimanin milisakan 10. Ashe ke nan tsakanin ram da tsohon faifai akwai ratar ninki 100,000. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan biyar yana iya zama mashaƙa.

4.0 Ƙa'idojin Lissafi Uku

4.1 Ƙa'idar layi. Wanda ya fara nazarin jira a layi ta hanyar lissafi shi ne A. K. Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na birnin Kwapanhagan a ƙasar Denmak, a 1909. A mafi sauƙin tsarin wannan ilmi, inda mai sallama ɗaya ne kuma tambayoyi suna zuwa barkatai, tsawon jira shi ne lokacin aikin tambaya ɗaya a raba shi da kason lokacin da na'ura take hutawa. Mu ɗauka, alal misali, kowace tambaya tana cin milisakan 50. Idan na'ura tana aiki rabin lokacinta, jira zai zama milisakan 100. Idan aikin ya kai kashi 80 cikin 100, jira ya zama 250. A kashi 90 ya zama 500, a kashi 95 ya zama 1,000, a kashi 99 kuwa ya zama 5,000. Wannan shi ya sa na'urar da take lafiya lau ranar Talata takan durƙushe ranar Laraba, alhali mutanen da suka ƙaru ba su taka kara sun karya ba.

4.2 Ƙa'idar Little. A 1961 John Little ya tabbatar da cewa adadin masu jira a cikin tsari daidai yake da yawan masu shigowa a kowane sakan a ninka da tsawon zamansu. Idan tambayoyi 40 suke shigowa a sakan, kowace tana zama rabin sakan, to kullum akwai 20 a ciki. Idan zaman ya koma sakan 5, sun zama 200. In kuwa an shirya na'urar ta riƙe 100 kaɗai a lokaci guda, sauran za a kore su, su kuma su sake aikowa, su ƙara cunkoso a kan cunkoso.

4.3 Ƙa'idar Amdahl. A 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa ribar gyara wani mataki ba ta wuce kason da matakin yake ci daga lokacin aiki. Matakin da yake cin kashi 10 cikin 100, ko an shafe shi baki ɗaya, kashi 10 kawai aka rage. Amma matakin da yake cin kashi 70, in an rage shi da rabi, an rage kashi 35. Da wannan ƙa'ida ya kamata a auna kowace shawarar sayen sabon inji.

5.0 Hanyar Gano Mashaƙa

Matakin farko shi ne awo, domin zato ba ya gano mashaƙa. Lalle ne a sa na'ura ta riƙa rubuta lokacin da kowace tambaya ta ci a kowane mataki. Haka kuma a auna daga gefen mai tambaya, watau daga teburin ma'aikaci a Sabuwa, saboda agogon uwar garke ba ya ganin abin da ya faru a hanya. Idan uwar garke ta ce ta gama cikin milisakan 60, ma'aikaci kuwa ya jira sakan 8, to laifin yana kan hanya, sayen sabuwar uwar garke kuma asarar kuɗi ne.

Mataki na biyu shi ne kada a dogara da matsakaicin lokaci. Idan tambayoyi 99 sun ci milisakan 100 kowace, ɗaya kuma ta ci sakan 20, matsakaici bai kai milisakan 300 ba, rahoto zai nuna kome lafiya, alhali mutum ɗaya cikin 100 ya gaji ya tafi. Abin da ya dace shi ne a jera lokutan daga ƙarami zuwa babba, a duba na 50 da na 95 da na 99. Jeffrey Dean da Luiz Barroso na kamfanin Google sun nuna a 2013 cewa idan kowane inji yakan yi nawa sau 1 cikin 100, tambaya guda kuma sai ta jira injuna 100 sun amsa, to kashi 63 cikin 100 na tambayoyi za su gamu da nawa.

Mataki na uku shi ne duba abubuwa huɗu a lokacin cunkoso: injin lissafi, da ram, da faifai, da hanyar sadarwa. A kan kowanne a tambayi kason lokacin da yake aiki, da tsawon layin da yake bayansa, da kurakuran da yake fitarwa. Idan injin lissafi yana zaune yana jiran faifai, alama ce fihirisa ta fi ƙarfin ram. Idan duk abubuwa huɗun suna da sarari amma layi yana tsawo, to akwai wata ƙofa a cikin manhaja da tambayoyi suke bi ɗaya bayan ɗaya. Idan na'ura takan tsaya cik na ɗan lokaci sa'an nan ta ci gaba, a duba sharar ƙwaƙwalwa da harshen Java yake yi, domin da shi aka rubuta Lucene.

Mataki na huɗu shi ne gwajin nauyi. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tun kafin ranar rajista a tattara tambayoyin gaske na kwanakin baya, a riƙa aika su da wata na'ura, ana ƙarawa sannu a hankali, har a kai inda yawan sallama ya daina hawa, tsawon jira kuma ya harba sama. Nan ne iyakar na'urar. Sa'an nan a canja abu ɗaya tak, a sake gwaji. Wanda ya canja abubuwa uku a tare ba zai san wanda ya yi magani ba. Kuma in an buɗe mashaƙa ɗaya, wata za ta bayyana a wani mataki, sai a sake awo.

Ya kamata kuma a sani ba kowace tsayawa ce cunkoso ya jawo ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV na hukumar INEC na tsawon sa'o'i, alhali na 'yan majalisar tarayya yana hawa. A rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ta danganta matsalar da kuskuren saiti a cikin manhaja. Irin wannan ƙarin injuna ba ya warkar da shi, sai karanta rubutun kurakuran da na'ura take ajiyewa.

6.0 Mashaƙun da Suka Shafi Yankinmu

6.1 Hanyar sadarwa. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Legas mafi yawansu suka sauka, haske kuma yana tafiyar kimanin kilomita 200 a kowane milisakan a cikin wayar gilashi. Idan uwar garke tana Turai, sai tambaya ta gangara kudu, ta ƙetare teku, ta dawo. Inda ake dogara da tauraron ɗan Adam mai tsayuwa wuri ɗaya, wanda yake nisan kilomita 35,786, zuwa da dawowa yakan ci kimanin milisakan 600. Kafin a aika tambaya ta farko kuma akan yi gaisuwar tsaro sau biyu ko uku tsakanin na'urorin, watau kusan sakan 2 ya tafi ba a fara bincike ba. Nauyin shafi ma abin dubawa ne. Shafi mai megabayit 2 a kan layi mai gudun megabit 1 a sakan zai ci sakan 16, amma amsa mai kilobayit 20 ba za ta kai kashi 1 cikin 5 na sakan ba.

Wani lokaci hanyar takan yanke ɗungurungum. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni kafin a maido. A 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama. Duk tsarin da aka gina wa wannan yanki ba tare da lissafin irin wannan rana ba, an gina shi da saura.

6.2 Sunaye da haruffa. Fihirisa tana saurin aiki ne idan kalma ba ta da yawa a cikin kundi. A ƙasar Hausa kuwa sunaye irin su Muhammadu da Abubakar da A'isha da Fatsima sun mamaye kowace rajista, jerin lambobin da yake gabansu dogo ne ƙwarai, tace shi kuma aiki ne. Bugu da ƙari, suna guda yakan zo da rubutu iri-iri. Wani ya rubuta Ɗanladi, wani Danladi, wani D'anladi. Kwamfuta kuwa tana ɗaukar ɗ da d a matsayin haruffa biyu da ba su da dangantaka. Ma'aikacin da bai sami suna ba yakan sake gwadawa sau uku ko huɗu, ko ya nemi duk sunan da ya ƙare da wasu haruffa, abin da yake tilasta wa na'ura bin dukkan kalmomin fihirisa. Ta haka matsalar rubutu take rikiɗewa ta zama matsalar nauyi.

6.3 Wuta da zafi. Idan wuta ta ɗauke na'ura ta mutu, duk abin da ta tara a ram ya tafi, in ta tashi kuma sai ta yi ta karatu daga faifai cikin nawa kafin ta murmure. A zafin bazara injin lissafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, ƙurar hunturu kuma takan toshe kafofin iskarsa.

6.4 Lokaci. Jama'a ba sa zuwa a warwatse. Umarnin haɗa layin waya da NIN a Disamba 2020, da sharaɗin NIN ga masu rajistar JAMB daga 2021, sun tura ɗimbin mutane ofisoshi a lokaci guda. Saboda haka da rana mafi cunkoso ake auna bukatar na'ura.

7.0 Hanyoyin Ƙara Yawan Sallama

Hanya ta farko kuma mafi arha ita ce rage aikin da kowace tambaya take jawowa. A sa ma'aikaci ya fara zaɓen ƙaramar hukuma da mazaɓa kafin ya rubuta suna, a nemi mutum da lambarsa in yana da ita, a mayar da amsoshi 10 na farko maimakon 1,000, a bar hotuna sai an bukace su.

Ta biyu ita ce gyara fihirisa ta dace da Hausa. A ajiye kowane suna da siffa biyu, ta asali mai lanƙwasa da wadda aka mayar da ɓ da ɗ da ƙ zuwa b da d da k, a kuma fifita wanda ya dace da rubutun asali wajen jera amsa. Ajiye siffar asali wajibi ne, domin ƙasa daban take da kasa, ɓata ma daban take da bata. A kuma shirya jerin sunayen da suke da rubutu iri-iri, kamar Muhammadu da Muhammad da Mohammed, domin tambaya ɗaya ta wadatar.

Ta uku ita ce ram da ajiyar kusa. Masu Elasticsearch sun ba da shawarar kada a ba manhajar fiye da rabin ram, a bar sauran domin riƙe fihirisa. Amsoshin da ake yawan nema a ajiye su a shirye. Shigar da sababbin bayanai masu yawa kuma a bar shi sai dare, don kada rubutu da karatu su yi kokawa a kan faifai ɗaya.

Ta huɗu ita ce kusanto da kundi wurin jama'a. Misali mai kyau shi ne na'urar BVAS. A zaɓen 2023 masu rajista 93,469,008 ne, rumfunan zaɓe kuma 176,846, watau matsakaicin kimanin mutum 529 a rumfa. Kowace na'ura tana ɗauke da rajistar rumfarta, tana kuma tantance mai zaɓe ba tare da intanet ba. Haka ofishin ilmi na ƙaramar hukuma zai iya riƙe rajistar makarantunsa a ƙaramar kwamfuta mai batir da hasken rana, ta riƙa daidaita kanta da babbar uwar garke duk lokacin da layi ya samu. Sharaɗinsa shi ne a kulle bayanan da kyau, domin sunayen yara da garuruwansu ba abin da za a bari ya faɗa hannun miyagu ba ne.

Ta biyar ita ce tsara ƙofa. In layi ya cika, gara na'ura ta ce wa mai tambaya ya dakata minti 1 da ta riƙe shi har ya gaji. A kuma raba wa mazaɓu ranakun rajista. Sai bayan duk waɗannan, in awo ya nuna injin lissafi ne ya cika, za a ƙara injuna a raba musu tambayoyi, a kuma bar sarari yadda aiki ba zai riƙa wuce kimanin kashi 70 cikin 100 ba.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa nawar uwar garken bincike tana da dalilin da ake iya aunawa, kuma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wajibi ne awon ya haɗa da hanya, da rubutun sunaye, da wutar lantarki. Muna ba da shawarwari uku. Na farko, duk hukumar da za ta sayi irin wannan tsari ta rubuta a cikin kwangila tsawon jiran da ta yarda da shi, a kuma gwada shi daga waɗannan garuruwa kafin a biya kuɗi. Na biyu, sassan Hausa da na kwamfuta a kwalejojin ilmi su haɗa kai su tattara jerin sunayen Hausawa da ire-iren rubutunsu, domin masu gina fihirisa su amfana. Na uku, a sa darasin awo da gwajin nauyi cikin horon ɗaliban kwamfuta, tun da su ne za su riƙe ɗakunan kwamfuta na makarantu da cibiyoyin jarrabawa a waɗannan ƙananan hukumomi.